Rawar Nan-Take: Yadda Mai Rawa Ke Ƙirƙirar Taku a Gaban Makaɗi

Minna – Rawar nan-take ita ce rawar da mai yin ta yake ƙirƙirar takunsa a daidai lokacin da yake cikin fage, ba tare da an tsara masa jerin motsin da zai bi daga farko zuwa ƙarshe ba. Abin da kunnensa ya ji daga ganga, da abin da idonsa ya gani a fuskokin 'yan kallo, da halin da zuciyarsa take ciki a wannan sa'a, su ne suke yanke wa ƙafa da kafaɗa abin da za su yi. Saboda haka ba a yin ta sau biyu iri ɗaya, ko da makaɗin da filin ba su sauya ba.

A makarantun koyon rawa na Turai da Amurka, wannan fanni ne mai zaman kansa, mai malamai da littattafai. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta kuwa, da haka aka saba rawa a dandali da gidan biki tun da daɗewa. Rawar da ake tsarawa domin dandamali, a yi ta maimaita ta har kowa ya haddace, daga baya ta zo. Birnin Minna, inda al'adun Gbagyi da Nupe da Hausa suka haɗu, wuri ne da ake ganin nau'o'in biyu kafaɗa da kafaɗa.

Kalmar da ma'anarta

Hausa ba ta da kalma guda da ta keɓanta da wannan nau'i na rawa. "Rawar nan-take" siffantawa ce kawai, kuma rashin sunan yana da dalili: ba a buƙaci a bambanta abin da kowa ya ɗauka shi ne rawa ba.

Kalmar "rawa" kanta tana da faɗi. Ana cewa rawar ɗari da rawar jiki da rawar murya, waɗanda duk motsi ne da ke zuwa wa mutum ba da shirinsa ba. Ana kuma cewa rawar soja, wadda taku ne da ake bi bisa umarni, babu mai ƙara ko rage komai. Rawar dandali tana tsakanin waɗannan biyu. Tana da ƙa'ida kamar ta soja, tana kuma da fizgar da ke zuwa ba zato kamar ta ɗari.

Daga fagen rawa ne harshen ya aro maganganun da ake ji kullum a labarai. Idan aka ce wani ya "taka rawar gani" a sasanta rikici, ana kamanta shi ne da wanda ya shiga fili ya yi abin da ya cancanci a tsaya a kalla. Karin maganar nan da ke cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, wadda 'yan siyasa suka fi kowa amfani da ita a yau, bayani ne na zahiri a kan yadda mai rawa yake bin makaɗi.

Minna, mahaɗar kiɗe-kiɗe

Minna ta zama babban birnin Jihar Neja ne a 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta raba tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su ne mazauna wurin na asali. Garin ya bunƙasa da zuwan jirgin ƙasa: layin dogo da ya tashi daga Baro a bakin kogin Kwara ya ratsa ta Minna ya isa Kano a 1911, kuma a Minna ne ya haɗu da layin da ya taso daga Legas. Tashar ta jawo fatake da mahauta da malamai Hausawa, da Nupawa daga yankin Bida, da ma'aikatan jirgi Yarabawa da Ibo, kowa da gangarsa.

Wannan tarihi ne ya sa a ƙarshen mako guda ake iya jin kalangu a wani gidan biki, gangunan Nupe a wani, na Gbagyi a wani, daga Limawa zuwa Kpakungu, daga Bosso zuwa Maitumbi. Kiɗe-kiɗen sun bambanta, amma tsarin fagen kusan ɗaya ne. Jama'a sukan yi da'ira, makaɗa su tsaya a gefe guda, mutum ɗaya ko biyu su shiga tsakiya su yi ɗan lokaci, sannan su koma cikin jama'a wasu su fito. Wanda ya je bikin maƙwabcinsa na wata ƙabila ba lallai ne ya san takun mutanen gidan ba. Abin da ake bukata daga gare shi shi ne ya saurari ganga ya amsa mata, kuma sau da yawa ƙoƙarin baƙo ya fi jawo guɗa a kan gwanintar ɗan gida.

Makaɗi da mai rawa da 'yan kallo

Ana fahimtar yadda rawar ke gudana ne ta hanyar duba aikin ganguna. A rukunin masu kalangu, akwai ƙananan ganguna irin su kuntuku da ɗan karɓi, waɗanda aikinsu shi ne riƙe bugu ɗaya ba ƙari ba ragi. A kan wannan tushe ne babban kalangu yake yawo. Makaɗi yana rataye shi a hammata, yana matse tsarkiyarsa yana sassautawa, sautin yana hawa yana sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, sama da ƙasa da faɗuwa, kuma mai dogayen wasula da gajeru, kalangu yana iya kwaikwayon jimla har mai sauraro ya gane abin da ake faɗa.

Idan mai rawa ya shigo fili, makaɗi yakan matso kusa da shi ya zuba wa ƙafafunsa ido. Wani lokaci makaɗin ne yake jefa sabon salo, mai rawa ya amsa da jiki. Wani lokaci kuma mai rawa ne yake tsinke taku ko ya juya ba zato, makaɗi ya bi shi ya jaddada motsin da bugu mai ƙarfi. Gwanin makaɗi yana gane wanda ya fara gajiya, sai ya ba shi bugun rufewa domin ya fita da mutuncinsa.

'Yan kallo su ne ƙafa ta uku ta murhun. Tafi da guɗa da kirarin maroƙi da liƙin kuɗi a goshi duk saƙonni ne da ke shaida wa mai rawa cewa abin da ya yi yanzu ya shiga, ya ƙara. Shirun jama'a ma saƙo ne.

'Yancin da ke cikin wannan rawa yana da iyaka. Ba a yarda mai rawa ya saɓa wa bugun tushe ba, duk abin da zai ƙirƙira a cikinsa zai yi. Shekaru da matsayi su ma suna da ta cewa. Abin da za a yaba wa saurayi, kamar tsalle da wuntsila gudidi, abin kunya ne ga magidanci. Dattijuwar da ta taso a bikin jikarta ta yi taku uku ko huɗu cikin natsuwa tana iya tayar da guɗar da ta fi ta kowa. Ana auna gwani da jin kiɗa, da iya ba da mamaki ba tare da ɓata tsari ba, da kuma sanin lokacin fita.

Take da tsuma

A al'adar Hausa, kusan kowace sana'a ta gado tana da kayan kiɗanta. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, gangi na 'yan tauri da mafarauta, yayin da tambari da kakaki suka keɓanta ga sarauta. A cikin kowane rukuni kuma akwai take, wato gajeren kiɗa da ke tsaye a matsayin sunan mutum ko gidansu ko sana'arsu.

Idan aka kaɗa wa mutum takensa, ana sa ran ya amsa. A nan ne ake ganin abin da Hausawa ke kira tsuma. Ɗan dambe yana iya zama shiru a gefen fage, amma da zarar makaɗi ya saki takensa sai jikinsa ya ɗauki ɓari, ya miƙe, ya ɗaga hannun da aka naɗe, ya shiga kirari yana taka ƙasa. Makaɗa irin su Muhammadu Bawa Ɗan Anace sun yi suna ne a kan iya tayar da wannan hali a jikin 'yan dambe. Haka ɗan tauri yake yi idan ya ji gangi, haka manomi yake ƙara himma a gayya idan ganga ta kira sunansa. 'Yan hoto kuwa sukan cilla garma sama su cafe ta cikin rawa, kowa yana neman ya zo da abin da abokin karawarsa bai yi ba.

Babu wanda ya koya wa ɗan damben nan jerin takun da zai yi a lokacin tsuma. Amma abin da yake bayyanawa ya wuce halin zuciyarsa shi kaɗai. Yana nuna wa jama'a ko shi ɗan wane ne, daga wane gari, a wace sana'a ya tashi. A wannan al'ada, gaskiyar rawa ta haɗa da yanayin mutum a wannan lokaci da kuma asalin da yake ɗauke da shi.

Dandali da cikin gida

Makarantar farko ta wannan fasaha ita ce dandali. A daren farin wata 'yan mata sukan taru su yi gaɗa, suna tafi suna waƙa, ɗaya ta shiga tsakiya ta yi nata salon, ta faɗo da baya a hannun ƙawayenta su tallabe ta su cilla ta. A nan yarinya take koyon jin bugu, da jiran lokacinta, da amincewa da waɗanda ke bayanta. Babu malami, kallo da kwaikwayo da dariyar ƙawaye su ne darasin.

A cikin gida kuma akwai kiɗan ƙwarya, wanda mata ke yi wa mata a bukukuwan aure da suna. Mawaƙan amada irin su Uwaliya Mai Amada da Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, sun yi aiki ne a wannan fage, inda matar aure da ba ta rawa a bainar jama'a take samun damar sakin jiki a tsakanin 'yan'uwanta. A ƙasar Nupe, Hajiya Fatima Lolo, wadda ta rasu a 1997, ta shafe shekaru da dama tana jagorantar waƙa a bukukuwa da tarukan fada.

Waƙar baka da rawa suna tafiya a kan ƙa'ida guda. An san Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da ƙirƙirar baitoci a tsaye a gaban jama'a, 'yan amshi suna riƙe masa gindin waƙa. Aikin da amshi yake yi wa mawaƙi shi ne kuntuku yake yi wa mai rawa, wato ya ba shi wurin dawowa bayan ya yi nisa.

Bori

Bori ya ɗora tambaya mai wuya a kan ra'ayin cewa rawar nan-take bayyana kai ce. A imanin masu bin wannan al'ada, wanda yake cikin fili doki ne ko goɗiya, iska ce ta hau shi. Kowace iska tana da takenta a garaya ko goge, tana kuma da alamunta: Malam Alhaji tsoho ne mai tari da jan carbi, Kuturu yana naɗe yatsu, Ɗan Galadima ɗan sarauta ne mai ado da kyauta, Sarkin Rafi kuwa an san shi da tsalle ya faɗo a zaune. Motsin yana zuwa ne nan take, amma a cikin siffar da kowa a wurin ya riga ya sani, kuma mai yin sa ba ya ɗaukarsa nasa.

Baturen nan A.J.N. Tremearne ya wallafa littafi a kan bori a 1914, sannan Fremont Besmer ya wallafa nasa binciken da ya yi a Kano a 1983. Malaman Musulunci sun daɗe suna hani ga bori, kuma a yau ya ja baya ƙwarai daga bainar jama'a.

Yadda batun ya taso a Turai da Amurka

A Turai, rawar fada da ta dandamali ta ginu ne a kan tsararren taku da ake koya shekara da shekaru. A farkon ƙarni na 20 ne wasu suka yi mata tawaye. Ba'amurkiya Isadora Duncan, wadda ta rayu daga 1877 zuwa 1927, ta yar da takalmin rawa da matsattsun tufafi ta koma rawa ba takalmi, tana neman motsin da ke fitowa daga jiki kai tsaye. A Jamus, Rudolf Laban da ɗalibarsa Mary Wigman sun sanya ƙirƙirar nan-take cikin hanyoyin koyarwa. Laban ɗin ne kuma ya fitar da tsarin rubuta motsin rawa a takarda a 1928.

A shekarun 1950, Mary Starks Whitehouse ta ɓullo da wata hanya a Kalifoniya, inda mutum yake rufe ido ya jira abin da jikinsa zai yi, wani yana zaune yana kallonsa a matsayin shaida. An yi amfani da hanyar wajen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A 1962 wasu matasan masu rawa suka fara nuna ayyukansu a cocin Judson da ke New York, inda suka ɗauki tafiya da zama da gudu a matsayin rawa. Ɗaya daga cikinsu, Steve Paxton, ya ƙaddamar a 1972 da salon da mutum biyu suke jingina da juna, kowa yana bin nauyin ɗan'uwansa ba tare da shiri ba.

Bambancin da ke tsakanin wannan da abin da ake gani a Minna ko Kano yana cikin inda ake neman tushen motsi. Waɗancan sun fi karkata ga sauraron cikin jiki, wani lokaci ma ba kiɗa ba 'yan kallo. A nan kuwa ana sauraron makaɗi da jama'a ne. Sai dai ɓangarorin biyu sun yarda da abu guda, cewa ƙirƙirar nan-take tana bukatar dogon horo, domin jikin da bai tara komai ba ba shi da abin da zai fitar. Kiɗan jaz da raye-rayen baƙar fata na Amurka, waɗanda suka gaji da'ira da amsa-kira daga Afirka, sun riƙe wannan fasaha tun kafin makarantu su ba ta suna.

Daga dandali zuwa dandamali

Bayan samun 'yancin kai, ƙasashen Afirka sun kafa ƙungiyoyin rawa domin nuna al'adunsu ga duniya. Ƙungiyar da Fodeba Keita ya kafa, wadda ta zama ta ƙasar Gini, ita ce abin koyi ga da yawa. A Nijeriya an fara bikin fasaha da al'adu na ƙasa a 1970 bayan yaƙin basasa, aka kafa Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa a 1975, sannan aka yi bikin FESTAC a Legas da Kaduna a 1977. Rawar Koroso ta Kano, wadda aka haɗa daga raye-rayen Hausa da Fulani a shekarun 1970, 'yar wannan zamani ce.

A Jihar Neja, Majalisar Fasaha da Al'adu ta jiha ce take riƙe da wannan aiki, da ƙungiyar rawarta mai suna Gwape, da kuma zauren wasanni na U.K. Bello da ke Minna. Birnin ya karɓi baƙuncin bikin fasaha da al'adu na ƙasa a 2009.

Dandamali ya yi amfani. Ya sama wa makaɗa da masu rawa aikin albashi, ya kuma kai raye-rayen ƙauyuka gaban mutanen da ba za su taɓa ganin su ba. Amma yana da sharuɗɗansa. Da'ira takan buɗe ta zama sahu mai fuskantar kujeru. Rawar da ake kwana ana yi sai a taƙaita ta zuwa 'yan mintoci. Alƙalan gasa suna ba da maki ne ga daidaiton taku, saboda haka wanda ya ƙara nasa salon yana iya jawo wa ƙungiyarsa asara. Masu tsara rawa da suka san darajar abin sukan bar gurbi a tsakiyar wasa inda gwanaye za su fito ɗaya bayan ɗaya su fuskanci makaɗi, kuma galibi a nan ne zaure yake ɗaukar sowa.

Addini da doka

Tun zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo malamai suke rubutu a kan kiɗa da rawa, kuma abin da suka fi tsananta a kai shi ne cuɗanyar maza da mata da shagala daga ibada. Wannan ya sa raye-raye da yawa suka rabu gida biyu, na maza a waje, na mata a cikin gida. Neja tana cikin jihohin Arewa da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma a Kano an kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, wadda rawa a finafinan Hausa take cikin abubuwan da take sa wa ido.

Dokar ƙasa ma ta taɓa wani sashe na al'adar. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta liƙin naira da taka ta a wurin biki, ya kuma tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Tun da aka tsananta aiki da dokar a 2024, ana ganin masu biki suna ajiye kwano ko akwati domin a zuba wa makaɗa kuɗi.

Na'ura da batun adanawa

Babban sauyin da ya samu rawar nan-take a biranen Arewa ya zo ne ta na'urar kiɗa. Ɗaukar mai saka waƙoƙi a lasifika ya fi ɗaukar rukunin makaɗa sauƙi da araha, amma waƙar da aka naɗa ba ta ganin ƙafar mai rawa, ba ta jira shi, ba ta kuma san takensa ba. Mai rawa yana iya ƙirƙira a kanta, sai dai babu mai amsa masa. A kafofi irin su TikTok kuma, ana yada taku guda ne dubban matasa su kwaikwaya daidai, ko da yake daga cikinsu ake samun masu karkatar da shi su fito da sabo.

Wannan ya shafi masu aikin adana al'adu kai tsaye. Bidiyo yana kama rawar rana ɗaya, rubutun Laban yana kama jerin motsi, amma ƙwarewar amsa wa ganga a cikin ƙiftawar ido tana zaune ne a jikin mutane, kuma tana wucewa daga wani zuwa wani a fili. Yarjejeniyar UNESCO ta 2003 a kan al'adun gado da ba na kayan tarihi ba, wadda Nijeriya take cikinta, ta jaddada cewa al'umma tana sabunta irin wannan gado a kullum, kuma kare shi yana nufin tabbatar da cewa ana ci gaba da yin sa da koyar da shi. A ƙarƙashinta ne aka sanya bikin kamun kifi na Argungu a 2016 da hawan sallah na Kano a 2024.

Ga rawar nan-take, hakan yana nufin samar wa makaɗan gado abin dogaro domin 'ya'yansu su karɓi sana'ar, da barin gurbin ƙirƙira a gasannin makarantu da na jihohi, da naɗar take da kirari tare da sunayen gidajen da suka mallake su. Ranar Rawa ta Duniya, wadda ake yi kowace 29 ga Afrilu tun 1982, lokaci ne da hukumomin al'adu na jihohi za su iya haɗa tsofaffin makaɗa da matasan masu rawa a fili ɗaya.